Samfurin BIM: na injiniyoyi ne za a buɗe wa mai gini, ko hoto mai kyau za a nuna masa?

Mai Zanen Gini:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata magana ce ta raba mu gida biyu a ofis, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai waɗanda suka riga mu fara aiki da BIM, wato haɗa samfurin gini a kwamfuta mai ɗauke da siffarsa da bayanansa. Samfurin ginin guda ɗaya ne a manhajar Revit, daga cikinsa muke fitar da zanen kowane hawa da yankan gini da jerin ƙofofi da tagogi. Wasu na cewa tunda haka ne, in mai gini ya zo taro, shi za a buɗe masa kai tsaye, ya zagaya ciki ya ga inda aka kwana. Wasu kuma na cewa a'a, na injiniyoyi daban, na mai gini daban: a tura samfurin cikin manhajar haɗa hoto irin su Enscape ko Twinmotion, a zuba haske da itatuwa da kujeru, a fitar masa da hoto mai ɗaukar ido. Ni dai na ga hoto mai kyau yana sa a sa hannu da wuri. Abin da ke damuna shi ne, anya ba a kan abin da mu kanmu ba mu gama yankewa ba yake sa hannun? Ku ya kuke yi?

Injiniyan Iska da Ruwa:
Wa alaikumus salam. Akitek, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Damuwata da waɗannan hotunan ba ta wuce silin ba. Ana fitar da su tun kafin mu shiga aikin, a nuna korido mai tsayi, silin yana can sama shafe ƙalau, mai gini ya gani ya ji daɗi. Daga baya sai a turo mana fayil a ce mu zuba kayanmu a saman silin ɗin.

Bari in ba da misali da lamba. A ce daga daɓen wannan hawa zuwa daɓen na sama milimita 3,600 ne. Tayil da simintinsa sun ci 50, dakin, wato shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa, ya ci 200, bim ɗin kankare, wato gungumen da ke ɗauke da dakin, ya sauko 450 a ƙarƙashin dakin. Abin da ya rage daga ƙasa zuwa ƙasan bim 2,900 ne. A hoto an nuna silin a 2,800. To, milimita 100 ke nan tsakanin silin da bim, kuma ƙarfen da zai riƙe silin ɗin ma a ciki zai ci nasa. Ni kuwa bututun iskata zurfinsa 400, ga lulluɓin da ke hana shi gumi, 25 sama 25 ƙasa, ya zama 450. Ta ina zai wuce? Dole silin ya sauko wajen 2,400. Ban ma kawo maganar bututun bayan gida ba, wanda ba ya tafiya sai da gangara: in aka ba shi 1 cikin 80, a tsawon mita 20 zai sauka milimita 250, kuma ba ya lanƙwasa ya kauce wa kowa. Ranar da aka je aka gaya wa mai gini silin ɗinsa ya sauka da milimita 400, ba akitek zai ga laifi ba, mu zai ce mun ɓata masa gini.

Mai Zanen Gini:
Injiniya, gaskiya ne, amma a matakin farko ai ba a ma ɗauke ku ba tukuna. Mai gini ba zai biya injiniyoyi ba sai ya ga siffar abin da zai gina.

Injiniyan Iska da Ruwa:
To a bar mana wuri. Ba sai an zana bututu ba. A sa akwati fanko a saman korido, a rubuta a jikinsa cewa nan hanyar iska da ruwa da wuta ce, kada a taɓa. Duk hoton da za a fitar ya fito da silin a ƙarƙashin wannan akwatin. Wannan kaɗai ya isa a farko.

Mai Daidaita BIM:
Ina so in ɗan gyara yadda aka ɗora tambayar. Samfurin ba guda ɗaya ba ne tun asali, in dai ana aikin yadda ya kamata. Akitek yana da nasa, injiniyan tsari yana da nasa, na iska da ruwa da na wuta kowa da nasa, kuma kowa shi ke da alhakin abin da ke cikin fayil ɗinsa. Aikina shi ne in ɗora su a kan juna a manhajar Navisworks ko Solibri, ba tare da na taɓa ko bango ɗaya na wani ba, sannan in binciko inda suka ci karo.

Karon nan iri-iri ne. Akwai na zahiri, bututu ya ratsa cikin fila ko bim. Wannan kwamfuta tana kama shi cikin sauƙi. Akwai na tazara, inda abu biyu ba su taɓa juna ba amma sun matse har ba za a iya aiki ba: bawul da hannu ba zai kai gare shi ba, akwatin wuta da ƙofarsa ba za ta buɗe gaba ɗaya ba, injin sanyaya iska da babu ta inda za a zaro matatarsa a wanke. Irin wannan kwamfuta ba ta gani sai in wani ya zana wurin da ake buƙata a bari a gaban kayan, ya mai da shi wani ɓangare na kayan. Akwai kuma na lokaci, idan an haɗa samfurin da jadawalin aiki, sai a ga an rufe bango kafin babban injin da zai shiga ɗakin ya iso.

Abin da sababbin shiga suke ruɗewa a kai shi ne yawan lamba. In ka ce wa manhajar ta gwada komai da komai, za ta zubo maka dubbai. Yawancinsu abu ɗaya ne da aka ƙirga sau da yawa, tiren waya ɗaya da ya bi ta ƙarƙashin bim goma, ko bututu da ya ratsa bangon bulo inda dama za a huda masa. Ba a zuwa taro da wannan jerin. Sai an zauna an tattara su gida-gida, an zubar da na banza, a zo da waɗanda sai mutum biyu ko uku sun zauna kafin su warwaru. Kuma akwai tsarin wa zai kauce wa wa, wanda ya kamata a amince da shi tun kafin a fara: tsarin gini ba ya motsi sai da dalili mai ƙarfi, sai bututun da ke tafiya da gangara, sai manyan bututun iska, sai na ruwa mai matsi da na kashe gobara, sai tiren waya, ƙananan bututun waya su ne ƙarshe domin su ne suka fi sauƙin lanƙwasawa.

Wannan samfurin da aka haɗa, mai launin kore da ja da ruwan ɗorawa, ba zan buɗe wa mai gini shi haka kawai ba. Zai ga ja ko'ina ya ɗauka ginin nasa ya lalace.

Ɗalibar Zanen Gini:
Sannunku da ƙoƙari. Don Allah ina da tambaya, ina shekarar ƙarshe a makaranta. Ina yawan jin ana cewa LOD 300, LOD 400. Ina alaƙarsa da wannan maganar?

Mai Daidaita BIM:
Ƙanwata, tambayar taki ita ce tsakiyar maganar. LOD ma'auni ne na yadda za a iya dogaro da abu a cikin samfuri. Ƙungiyar akitek ta Amurka ce ta fitar da matakan a 2008, daga 100 zuwa 500, daga baya wata ƙungiya mai suna BIMForum ta ƙara 350. A taƙaice, 100 alama ce kawai cewa akwai abu a nan. 200 siffa ce ta kintace, girmanta da wurinta ba tabbas. 300 girma da wuri sun tabbata, ana iya aunawa daga samfurin. 350 an ƙara yadda abin ya haɗu da maƙwabtansa, su maratayi da madogara. 400 ya kai a ƙera a ɗaura. 500 kuma an je an duba a wajen aiki an tabbatar haka aka gina.

Ki lura, ma'aunin ba kyan gani yake aunawa ba, yanke shawara yake aunawa. Za ki iya sauko da ƙofa daga shafin kamfanin da ke ƙera ta, da hannunta da makullinta da kowace ƙusa, ki dasa a bango cikin minti ɗaya. A ido ta kai 400. Amma in ba wanda ya zaɓi wannan ƙofar, ba a san ko mai jure wuta ake buƙata a wurin ba, to 200 ce sanye da kayan 400. Injin fitar da hoto kuwa bai san wannan bambancin ba, duk abin da ya samu haskaka shi yake yi daidai wa daida. Shi ya sa ISO 19650, kundin ƙa'idojin duniya na sarrafa bayanan BIM, wanda kashinsa na ɗaya da na biyu suka fito a 2018, ya karkata ga tambayar wane bayani ake buƙata a wannan matakin, kuma don wa, maimakon a yi ta tara bayani don kawai ana iyawa.

Ɗalibar Zanen Gini:
Na gode, Yaya. Yanzu na gane dalilin da malaminmu yake hana mu sauko da kayan ɗaki tun a zanen farko.

Mai Ƙididdigar Gini:
Ni ma ina da nawa kukan. Mai haɗa hoto yakan zaɓi abin da ya fi kyau a allo: marmara a ƙasa, gilashi daga ƙasa har sama, katako a silin. A lissafina kuwa tayil na yau da kullum ne, da taga mai girman da aka saba. Mai gini ya tafi gida da hoton a wayarsa, ya nuna wa iyalinsa da abokan kasuwancinsa. Daga ranar hoton ya zama alkawari a zuciyarsa, ko da ba ya cikin takardar kwangila. In za a sa wani abu a hoto, a tambaye ni ko yana cikin kasafi. Minti biyar ne.

Sannan don Allah masu zana bango, ku riƙa yanke shi hawa-hawa. Bangon da aka ja daga ƙasa har rufi ya ratsa dakin uku yana da kyau a hoto, amma lissafin bulo da filasta da zai fito daga cikinsa ba daidai ba ne.

Wakiliyar Mai Gini:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma zan yi magana daga ɗaya ɓangaren teburin, domin aikina shi ne tsaya wa masu gini. Ina jin kamar ana so a ce hoto shi ne matsala, a koma nuna mana farin samfuri ko zanen takarda. Ban yarda ba. Yawancin waɗanda nake wakilta ba su iya karanta zane ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba sana'arsu ba ce. In ka shimfiɗa musu yankan gini za su gyaɗa kai saboda kunya, su sa hannu, sai an ɗora bulo su ce ba haka suka zata ba. Wannan sa hannun ya fi na hoto haɗari. Gani ya kori ji.

Na zauna a taron da aka sa wa shugabar ma'aikatan jinya gilashin nan na shiga cikin samfuri, aka ce ta bi hanyar da take bi da mara lafiya daga ɗakin kwana zuwa ɗakin tiyata. Ta tsaya a wata kwana ta ce gado ba zai juya a nan ba in akwai ƙarfen ƙarin ruwa a gefensa da mutum biyu suna turawa. Faɗin koridon ya cika ƙa'ida a takarda. Babu manhajar da za ta kama wannan, domin gadon da ke tafiya ba ya cikin samfurin kowa. Ita ta san shi, da hannunta take tura shi kullum. Ta kuma nuna cewa daga teburinsu ba a hango ƙofar ɗakuna biyu na ƙarshe. Duka an gyara tun ana kan allo.

Saboda haka ku nuna mana, ku nuna da yawa ma. Abin da nake roƙo shi ne ku gaya mana gaskiyar abin da muke kallo. Wanne ne ya tabbata, wanne ne kintace, kuma yau a kan me kuke so mu ce e ko a'a.

Mai Zanen Gini:
Hajiya, wannan magana ta shige ni. Amma ta yaya za a nuna bambancin a hoto ɗaya ba tare da ya yi muni ba?

Wakiliyar Mai Gini:
Na ga masu barin duk abin da ba a zaɓa ba da fari ko toka-toka, abin da aka zaɓa kuma da ainihin launinsa. Taro bayan taro launi yana ƙaruwa, mai gini da kansa yana ganin aikin yana nuna. Bai yi muni ba ko kaɗan. Kuma kowane hoto ya ɗauki kwanan wata da lambar fitowa a jikinsa, ba a sunan fayil kaɗai ba, domin sunan fayil yana ɓacewa da zarar an tura a waya.

Ɗan Kwangila:
Ku yi haƙuri in shigo da ƙurar wajen aiki. An sha miƙo mini samfuri a ce an gama daidaitawa, karo sifili. Mu je ɗaurawa sai a tarar ba a zana maratayi ko ɗaya ba. Bututun iska yana shawagi a sama ba abin da ke riƙe da shi, tiren waya yana manne a samansa daidai inda rodin ratayawa zai sauko. Ko a jera bututu huɗu da tazarar da sifana ba za ta shiga tsakaninsu ba. A allo ba su taɓa juna ba, to me? Mai ɗaurawa hannu gare shi da kafaɗa.

Na biyu, mu da zanen da aka sa wa hannu muke aiki, shi ne a kwangila galibi. In samfuri ya ce kaza, zane ya ce kaza, wanne zan bi? A rubuta wannan tun farko. Akwai masu gyara lamba a kan zane da hannu ba su gyara samfurin ba, saboda sauri. Daga ranar an raba su ke nan.

Injiniyar Tsarin Gini:
Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da batun huda. In bututu zai ratsa bim, ina so in sani kafin a ɗaura rodi, in zaɓa masa wuri wajen tsakiyar zurfin bim ɗin, nesa da kan fila inda ƙarfin yanka ya fi yawa, in ƙara rodi a kewayensa, a dasa guntun bututun da zai bar ramin kafin a zuba kankare. Abin da ba na so shi ne a kira ni bayan kankare ya bushe a ce za a kawo injin huda. Mai hudawa ba ya ganin rodi, kuma abin da ya yanke ba ya dawowa. A wurina amfanin BIM mafi girma shi ne wannan jerin ramukan, kowanne da girmansa da tsayinsa da sunan wanda ya nema, in amince ko in ƙi tun ana ofis.

Game da mai gini kuwa, akwai lokacin da ya kamata ya ga samfurin injiniyoyi. In zaɓi ne tsakanin sauke silin, ko ƙara tsayin kowane hawa, ko canja tsarin dakin a cire bim ɗin da ke saukowa, wannan shawarar kuɗi ce da lokaci, tasa ce ba tamu ba. Sai a yanka masa koridon a allo, a ɓoye komai sai abu ukun da ake magana a kai, a nuna masa kowace hanya da abin da za ta ci.

Mai Daidaita BIM:
Na karɓi wannan gyaran, Injiniya. Yanki ɗaya da aka share aka shirya daban ne da buɗe masa komai. Alhaji kuma, maganar maratayi ita ce ainihin dalilin da aka ƙirƙiro 350. In an ce a daidaita a 300, karo sifili ɗin da aka ba ka gaskiya ne a 300, sai dai bai isa a ɗaura da shi ba. Ya kamata masu ɗaura kayan su shigo da nasu samfurin kafin a rufe maganar.

Tsohon Akitek:
Ina bin ku a hankali. Mu da muka fara da takarda mai shara-shara, haka muke ɗora zanen injiniya a kan namu a teburi mai fitila a ƙasa, muna bi da jan fensir. Aikin da Navisworks ke yi ke nan, sai dai ya fi mu sauri kuma ba ya gajiya. Tunanin ma ba sabo ba ne. Wani masani, Charles Eastman, ya yi rubutu tun 1975 a kan a ajiye bayanin gini a kwamfuta wuri ɗaya, zane ya riƙa fitowa daga ciki. Graphisoft ta ƙasar Hungari, mai manhajar ArchiCAD, an kafa ta a 1982. Revit ya fito a 2000, Autodesk ta saye shi a 2002, ta sayi Navisworks a 2007. Gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2011 cewa daga 2016 ayyukanta sai da BIM, kuma ƙa'idojin da suka rubuta don haka su ne tushen ISO 19650 da kuke ambata.

Abin da na ga ya canja shi ne wannan. A da, zanen farko da hannu ake yi, layinsa a karkace, kowa ya kalla ya san ba a gama ba, mai gini yana jin sakewa ya ce a matsar da wannan, a faɗaɗa wancan. Yanzu zanen ranar farko yana fitowa kamar an ɗauki hoton ginin da aka gama. Wani mai ginin sai ya ji nauyin cewa a canja, yana ganin an riga an yi nisa. Wani kuma sai ya manne wa launin labule, a bar maganar inda matakala za ta zauna. Ku yaran yanzu kuna da kayan aikin da muka yi mafarkinsa, amma sai kun koyi rage masa kyau da gangan a lokacin da ya dace.

Mai Zanen Gini:
Allah ya ƙara girma, Baba. Maganar labule kam kowa a nan ya taɓa gamuwa da ita.

Sabon Injiniyan Wuta:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Aikin da aka sa ni a ciki, akitek yana ArchiCAD, mai ƙarfe yana manhajar Tekla, mu muna Revit. Da na jawo fayil ɗinsu, ginin akitek yana nan, ƙarfen yana can nesa, kuma a juye. Me ya jawo?

Mai Daidaita BIM:
Ba a yi yarjejeniyar wurin farawa ba. Kowace manhaja tana da inda take ƙirga sifili, da inda take ɗauka arewa ce. Kafin kowa ya zana komai, a zaɓi mahaɗar layin awo guda ɗaya, a rubuta lambobinta na safiyo da tsayinta da kusurwar arewa, a raba wa kowa. Sannan kowa ya fitar da fayil ɗin gwaji wanda ba komai a ciki sai layukan awo da matakan hawa da ɗan akwati a kan wannan mahaɗar. A ɗora su. In akwatunan sun hau kan juna, a fara aiki. Kada kuma ka ja fayil ɗin wani da hannu ka daidaita shi da ido, domin fitowa ta gaba zai koma inda yake.

Musayar taku ta IFC za ta kasance, tsarin fayil na bai-ɗaya na ƙungiyar buildingSMART, wanda ya zama ISO 16739 a 2013. Ku amince a kan guda, IFC2x3 ko IFC4, kada kowa ya fitar da wanda ya ga dama. Ka ɗauke shi abin dubawa da aunawa, ba abin da za ka buɗe ka ci gaba da zane a ciki ba. In akwai wani ofishin da ke Revit kamar ku, ku tsaya a fitowar shekara ɗaya, domin fayil ɗin da aka ɗaga zuwa sabuwa ba ya komawa tsohuwa.

Sabon Injiniyan Wuta:
Madalla. To in na ga karo a fayil ɗin mai Tekla, hoton allo zan ɗauka in tura masa?

Injiniyar Tsarin Gini:
A'a, ƙanena, BCF za ka tura. Solibri da Tekla ne suka fara shi, yanzu yana hannun buildingSMART. Ɗan ƙaramin saƙo ne mai ɗauke da inda ka tsaya kana kallo, da lambar shaidar abubuwan da suka yi karon, da bayaninka, da wanda aka ɗora wa gyara. In ya danna, manhajarsa za ta kai shi daidai wurin, ta haskaka masa ƙarfen. Hoton allo kuwa sai ya yi ta neman wane hawa ne, wane layi ne.

Wakiliyar Mai Gini:
Wannan BCF ɗin, me zai hana a yi amfani da shi a taronmu? Abin da ke faruwa yanzu, mai gini yana zagayawa a allo yana cewa wannan tagar ta yi ƙanƙanta, nan a ƙara soket, wani yana rubutawa a littafi. Bayan wata guda ana gardamar wace taga ya ce.

Mai Daidaita BIM:
Ba abin da zai hana, Hajiya, in dai abin da ake nunawa yana haɗe da samfurin, ba bidiyon da aka riga aka naɗa ba. Ana ajiye wurin kallon nan take, a rubuta abin da ya ce, a ɗora wa mai gyara. Sharaɗina ɗaya ne. A ma'ajiyar bayanan aiki, ISO 19650 ya raba fayil mataki huɗu: wanda ake kan aiki a kai, wanda aka raba wa sauran, wanda aka amince aka fitar, da wanda aka adana don tarihi. Duk abin da mai gini zai gani ya fito daga wanda aka raba, wanda injiniyoyi suka riga suka gani. Kada a ɗauko daga kwamfutar akitek daren taro.

Mai Zanen Gini:
A nan kam zan ja da kai, Malam. Akwai lokacin da nake gwada hanya biyu ko uku na fuskar gini, ina so in ji ra'ayinsa kafin in wahalar da injiniyoyi da abin da wataƙila za a watsar. In sai kowa ya gani kafin ya gani, aikin zai yi nauyi.

Injiniyan Iska da Ruwa:
Fuskar gini ka gwada yadda kake so, Akitek, in dai launi ne da ado. Amma in gwajin ya taɓa girman gilashi, ka sanar da ni, domin gilashin da ke kallon yamma shi ke ƙara zafin da injina zai kwashe, injin ya girma, bututun ya girma, mu koma kan maganar silin.

Mai Daidaita BIM:
To mu raba. Zaɓuɓɓukan da kake gwadawa ka nuna su da fari, da rubutu a jiki cewa gwaji ne, kuma kada a karɓi sa hannu a kansu a ranar. Wanda ya zaɓa sai ya bi ta hannun injiniyoyi, ya dawo masa a taro na gaba.

Mai Ƙididdigar Gini:
Ya biyo ta teburina shi ma kafin ya koma.

Mai Zanen Gini:
Zai biyo. Hajiya, in kina da samfurin takardar da kuke rubuta abin da za a yanke a kowane taro, wadda ba sunan kowa a ciki, ki taimaka ki ɗora mana a nan in kai wa mutanen ofis.

Wakiliyar Mai Gini:
Zan cire sunaye in ɗora in sha Allahu. Shafi ɗaya ce: abin da aka riga aka yanke, abin da ake nema a yanke yau, da abin da ke cikin hoto amma ba a kai gare shi ba tukuna. Layi na ukun nake fara karanta wa mai gini kafin a kunna allo.